Tambaya da Amsarta: Ƙuri'ar Jin Ra'ayin Jama'a a Amurka Zamanin Yaƙin Biyetnam

A cikin watan Agusta na 1965, watanni biyar bayan saukar rundunar farko ta mayaƙan Amurka a gaɓar Da Nang, ma'aikatan kamfanin Gallup suka bazu gida-gida cikin ƙasar Amurka ɗauke da wata tambaya. Ma'anarta da Hausa ita ce: in aka dubi abin da ya gudana tun shigarmu faɗan Biyetnam, kana ganin Amurka ta yi kuskure da ta aika da soja can? Cikin kowane mutum ɗari, 24 suka ce an yi kuskure, wajen 60 suka ce ba a yi ba, sauran suka ce ba su da ta cewa. Aka yi ta maimaita wannan tambaya, kusan ba a sauya mata ko kalma ɗaya ba, har Janairun 1973. A Oktoban 1967 ne masu cewa kuskure suka fara rinjayar masu cewa ba kuskure ba, da 'yar rata kaɗan. A Agustan 1968 suka kai 53, watau fiye da rabi. A Mayun 1971 suka kai 61, masu cewa ba a yi kuskure ba kuwa suka koma 28.

Waɗannan alƙaluma sun shiga littattafan tarihi, ana kafa hujja da su cewa mutanen Amurka sun juya wa yaƙin baya, shi ya sa shugabanninsu suka janye. Nufin wannan takarda shi ne a duba ko nawa ne cikin wannan zance alƙaluman za su iya ɗauka. Wani zai ce wannan aikin masu lissafi ne. Amma fa kafin a kai ga lissafi sai an yi magana, wani ya tambaya wani ya amsa. A nan ne mai nazarin harshe yake da abin faɗi.

Da farko ya kamata a sallami wata shakka wadda ita ce ta fi yawa a bakin mutane, ita ce kuma ta fi rauni. Yaya za a tambayi mutum 1,500 a ce an san ra'ayin ƙasa mai mutum miliyan 200? Mai sayen hatsi a kasuwa ba ya zazzage buhu duka kafin ya san ko geron tsoho ne ko sabo. Tsoma hannu yake yi ya ɗebo. Abin da yake tsoro kawai shi ne kada mai sayarwa ya zuba mai kyau a sama ya ɓoye rubabbe a ƙasa. Haka lamarin yake. In an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa yake da damar faɗawa ciki daidai da kowa, to, lissafi ya nuna cewa a mafi yawan lokuta amsar mutum 1,500 ba za ta kauce wa ta jama'a duka da fiye da kashi uku cikin ɗari ba, ko ƙasar mai mutum miliyan biyu ce ko mai miliyan ɗari biyu.

Amurkawa sun koyi wannan darasi da wuya. A 1936 mujallar Literary Digest ta aika da takardu miliyan goma ga mutanen da ta samo sunayensu galibi daga jerin masu tarho da masu mota, aka mayar mata da fiye da miliyan biyu, ta yi shela cewa Landon zai ka da Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. George Gallup, wanda bai daɗe da kafa ma'aikatarsa ba a 1935, ya faɗi wanda zai ci daidai da mutane kaɗan ƙwarai in an gwada da na mujallar. Cutar mujallar biyu ce: jerin sunayenta ya karkata ga masu hali, sa'an nan masu ƙin Roosevelt sun fi ɗokin mayar da takarda. A 1948 kuma shi kansa Gallup ya sha ƙasa, ya ce Dewey zai ci, Truman ya ci, domin a lokacin ana bar wa mai tambaya ya zaɓi wanda zai tambaya in dai ya cika adadin maza da mata da tsofaffi da yara da aka yanka masa, kuma an daina tambayar tun da sauran kwanaki kafin zaɓe. Bayan wannan kunya aka gyara hanyar zaɓen mutane. Saboda haka lokacin da yaƙin Biyetnam ya zo, wannan ɓangare na aikin ya riga ya yi ƙwari.

Duk da haka akwai waɗanda hannun bai kai gare su ba. Kafin 1971, shekarar da aka sauko da shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18, waɗanda suka kai 21 ake tambaya, kuma farar hula mazauna gida. Ke nan samari 'yan shekara 19 da 20, waɗanda su ne ake kwasa tilas a kai fagen daga, ba su cikin lissafi. Haka kuma sojan da ke can, waɗanda yawansu ya kai wajen 543,000 a Afrilun 1969. Wannan ba zai sauya jimla da yawa ba, amma ya kamata mai karatu ya san ko su wa ake nufi in an ce "jama'a".

Babbar matsala tana cikin kalmar nan ta kuskure. Tambayar Gallup waiwaye take yi, tana neman hukunci a kan abin da ya riga ya wuce, ba ta ce kome a kan abin da ya kamata a yi gobe ba. Mutum biyu suna iya amsawa da kalma ɗaya alhali ba su haɗa hanya ba ko kaɗan. Na farko yana nufin tun asali bai kamata a je ba, a kwashe yara a dawo gida. Na biyu yana nufin kuskure ne a shiga yaƙi da hannu ɗaya a ɗaure, tun da an shiga sai a saki ƙarfi a gama. A takardar mai tambaya layi ɗaya aka rubuta su.

Ba zato ne wannan ba, an gan shi a fili. Ran 12 ga Maris 1968 aka yi zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat a jihar New Hampshire. Sanata Eugene McCarthy, wanda ya tsaya a kan neman zaman lafiya, ya sami kashi 42, Shugaba Johnson ya sami 49. Jaridu suka ɗauka jama'a ce ta ce a bar yaƙi, kuma ran 31 ga watan Johnson ya ba da sanarwar ba zai sake neman mulki ba. Daga baya Philip Converse da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka bi diddigin waɗanda suka zaɓi McCarthy, suka iske cewa masu fushi da Johnson don bai tsananta yaƙin ba sun fi masu son a janye yawa, wajen uku bisa biyu. Ƙuri'ar ƙin Johnson ce aka karanta ta a matsayin ƙuri'ar ƙin yaƙi. Haka nan kuma harin Tet na ƙarshen Janairun 1968, wanda ake cewa shi ya karya zuciyar Amurkawa: da farko akasin haka ya yi. Gallup yana da wata tambaya ta dabam, ko mutum yana ɗaukar kansa shaho, mai son a ƙara wuta, ko kurciya, mai son a rage. Daf da harin shahuna 56 ne cikin ɗari. A farkon Fabrairu suka hau 61. Sai bayan makonni suka faɗo zuwa 41, kurciyoyi suka kamo su.

In aka bar waiwaye aka tambayi abin da ya kamata a yi, sai rikicin ya ƙaru. A farkon 1966 wasu malaman Jami'ar Stanford, Sidney Verba da abokansa, suka shirya nasu binciken don ba su gamsu da na kamfanoni ba. Kashi 88 na waɗanda aka tambaya sun yarda a zauna shawara da 'yan Biyet Kong, amma 81 sun ƙi a janye nan take a bar wa 'yan Kwaminis ƙasar. Kowane ɓangare na masu jayayya ya sami abin ɗauka a ciki. A Janairun 1971 Gallup ya tambaya ko Majalisa ta tilasta a dawo da soja duka kafin ƙarshen shekara, 73 suka ce i. Bayan 'yan watanni wani kamfani, Opinion Research Corporation, wanda yake yi wa fadar Shugaba Nixon aiki, ya yi irin tambayar, ya sami wajen kashi biyu cikin uku. Sa'an nan ya ƙara mata wutsiya: ko da hakan zai sa 'yan Kwaminis su ci Biyetnam ta Kudu? Masu yarda suka koma ƙasa da sulusi. Ya sake wata wutsiyar: ko da zai jefa rayukan fursunonin yaƙi na Amurka cikin haɗari? Suka koma wajen ɗaya cikin goma. Mutanen nan ɗaya ne, rana ɗaya, a zama ɗaya.

Wanne ne ra'ayinsu na gaskiya? A ganina tambayar ce ba ta da gindi. Mutum yana son 'ya'yansa su dawo, ba ya son a ce ƙasarsa ta gudu, ba ya son a bar fursuna a hannun abokin gaba. Duk ukun gaskiya ne a zuciyarsa, wanda tambaya ta taɓa shi ke fitowa. Sai dai ba za a wanke kamfanin na biyu ba, gama ya ambaci hasarar janyewa bai ambaci hasarar zama ba. Da ya ce "ko da zama zai ci ran ƙarin samari dubu goma", da wata amsar ya samu.

Kalma ɗaya tak tana iya yin wannan aiki. Tun zamanin yaƙin Koriya John Mueller ya lura da haka cikin littafinsa na 1973 a kan yaƙi da shugabanni da ra'ayin jama'a. Gallup yana tambaya ko kuskure ne shiga yaƙin Koriya. Wata cibiyar bincike ta Jami'ar Shikago kuwa tana tambaya ko daidai ne a aika da soja don tsai da mamayar 'yan Kwaminis. Shekara da shekaru tambaya ta biyu tana samun goyon baya fiye da ta farko da kashi 15 zuwa 20. A 1974 Howard Schuman da Stanley Presser suka gwada abin da gangan. Suka raba mutane biyu ta hanyar ƙuri'a, aka tambayi rabi ko a aika da soja in irin abin da ya faru a Biyetnam ya taso a wani wuri, wajen 18 suka yarda. Ɗaya rabin aka ƙara musu "don hana 'yan Kwaminis ƙwace mulki", wajen 33 suka yarda. Tun 1941 ma Donald Rugg ya nuna abin da ya fi wannan ban mamaki ga mai nazarin ma'ana: kashi 62 sun ce kada a ƙyale a yi jawabin sukar dimokuraɗiyya a fili, amma 46 kaɗai suka ce a hana. A wurin mai ilmin mantiƙi rashin ƙyalewa da hanawa abu ɗaya ne. A kunnen mai magana ba ɗaya ba ne, gama hani yana da sanda a hannu.

Sauran kuma mutumin da ba shi da ra'ayi amma ya ji kunyar faɗi. A 1964, shekarar da Majalisar Wakilai ta ba Johnson iznin amfani da ƙarfi da ƙuri'a 416 ba hamayya, Majalisar Dattawa kuma da 88 bisa 2, wani bincike na Jami'ar Michigan ya iske wajen rubu'in Amurkawa ba su ma ji labarin ana faɗa a Biyetnam ba. Irin waɗannan in baƙo mai takarda ya tsaya a ƙofarsu ba duka ne za su ce ba su sani ba. An auna wannan daga baya a birnin Cincinnati: George Bishop da abokansa suka ƙirƙiro sunan wata doka wadda babu ita, suka tambayi mutane ko a soke ta, wajen sulusi suka ba da ra'ayi.

Shugabanni sun san duk wannan, sun kuma mori sanin. An ce Johnson ba ya rabuwa da takardun alƙaluma a aljihu, yana zaro wa baƙi wadda ta yi masa daɗi. Ran 3 ga Nuwamba 1969, bayan babbar zanga-zangar 15 ga Oktoba, Nixon ya yi jawabi yana kiran mafi rinjayen jama'a masu shiru su mara masa baya. A daren Gallup ya buga tarho ga mutum wajen 500 waɗanda suka saurari jawabin, 77 cikin ɗari suka ce suna bayansa. Fadar shugaban ta baza wannan adadi ko'ina. Amma wanda ya zauna ya saurari shugaba har ƙarshe ba shi ne kowa ba, kuma amsar da aka bayar kunne na ɗauke da muryar mai jawabi ba lalle ta kwana ba. A daidai wannan lokaci fiye da rabin jama'a suna cewa yaƙin kuskure ne. Duka biyun suna iya zama gaskiya, domin abin da Nixon ya yi alkawari shi ne janyewa sannu a hankali, ba ƙara wuta ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan cewa alƙaluman banza ne. Ma'aunin da ya karkace, in dai ba a sauya shi ba, zai nuna maka ko buhun yana ƙaruwa ko yana raguwa, ko da bai faɗi nauyinsa daidai ba. Darajar tambayar Gallup ita ce an bar ta yadda take fiye da shekara bakwai. Ba za a ce lalle kashi 53 ne suka ƙi yaƙin a 1968 ba, amma tafiyar daga 24 zuwa 61 ba za a musa ta ba. Ko tambayoyin Koriya biyun nan, da ke da rata tsakaninsu, tare suke hawa tare suke sauka. Da irin wannan jeri ne Mueller ya gano cewa a yaƙoƙin biyu goyon baya yakan faɗi da wajen kashi 15 duk lokacin da jimlar matattu da masu rauni ta ninka sau goma. Watau dubun farko ta fi girgiza jama'a bisa ga dubun da ta zo bayan an saba. Shi ya sa a Koriya, inda aka yi mummunar hasara da wuri bayan shigowar sojan Sin a ƙarshen 1950, masu cewa kuskure suka tashi daga 20 a Agusta zuwa 49 a Janairu, a Biyetnam kuwa abin ya ɗauki shekaru.

Har ila yau alƙaluman sun rushe wani zato da hotunan zanga-zanga suka dasa, cewa matasa da 'yan jami'a ne suka ƙi yaƙin, tsofaffi da marasa ilmi suka so shi. A kusan kowane zagaye na tambayar, 'yan ƙasa da shekara 30 sun fi waɗanda suka haura 50 goyon bayan yaƙin. A tambayar janyewa ta Janairun 1971, kashi 80 na waɗanda suka tsaya a firamare sun so a janye, na masu ilmin jami'a kuwa 60. Mata da baƙar fata su ma sun riga sauran gajiya. Da ba don an bi gida-gida an tambaya ba, da ɗaliban manyan jami'o'i kaɗan masu ƙarfin murya sun tsaya a madadin tsararsu duka cikin tarihi. Kuma da Schuman ya bar mutanen Detroit suka faɗi dalilinsu da bakinsu a 1971, maimakon zaɓi tsakanin i da a'a, sai ya ga yawancinsu zancen rashin nasara da mutuwar 'ya'yansu suke yi, ɗalibai ne suka fi kawo zancen zalunci da wahalar mutanen Biyetnam.

Abin da ya sa wannan tarihi ya shafi masu koyar da Hausa shi ne, irin wannan aiki ya iso gare mu. Tun wajen shekarar 2000 ƙungiyar Afrobarometer take tambayar 'yan Nijeriya ra'ayinsu, daga baya ta haɗa da Nijar, kuma Hausa tana cikin harsunan da ake tambayar da su. Galibi da Turanci ko Faransanci ake tsara irin waɗannan tambayoyi, sa'an nan a ba wani ya juya. In sauya "ƙyale" da "hana" cikin harshe ɗaya ya motsa kashi 16, ina ga an ƙetare daga harshe zuwa harshe? Ɗauki kalmar da muka fara da ita. Kuskure a Hausa yana ɗauke da uzuri, abu ne da ya kuɓuce ba da niyya ba. Laifi yana neman mai shi. Ganganci ya fi su duka zafi. Wauta kuwa zagi ce. Mai fassara zai ɗauki ɗaya, kuma da ɗaukarsa ya riga ya sa hannu cikin amsar. Haka ƙananan kalmomin tambaya. "Shin an yi daidai?" ta bar ƙofa a buɗe. "Anya an yi daidai?" ta riga ta ce a'a. "An yi daidai ko?" tana roƙon i. Mai tambaya da ya gaji da karanta takarda, ya koma faɗi da ka, zai zame daga wannan zuwa waccan bai sani ba. Tambaya mai korewa kuma ta fi haɗari: in aka ce wa Bahaushe "Ba ka yarda ba?" ya ce "I", sau da yawa nufinsa i, ban yarda ba, alhali mai cika takarda da ya saba da tsarin Turanci yana iya rubuta cewa ya yarda.

Sa'an nan ga ladabi. Wanda aka tarbiyyantar a kan ya amsa gaisuwa da "lafiya lau" ko da zazzaɓi na kaɗa shi, ba zai buɗe wa baƙon da ya yi sallama yanzun nan cikinsa a kan hukuma ko soja ba, balle in maigida ko mai unguwa na zaune a gefe. Zai ce "to, ba laifi", ko "da dama-dama", ko "sai dai addu'a". Takardar kuwa gida biyar gare ta, daga yarda ƙwarai zuwa ƙi ƙwarai. "Ba laifi" tana iya zama yabo na gaske daga bakin dattijon da ba ya zuzuta abu, tana kuma iya zama suka a lulluɓe; muryar da aka faɗe ta da ita ce ke rarrabewa, murya kuwa ba ta shiga takarda.

A Amurka dai tambayar ba ta mutu da yarjejeniyar Faris ta 27 ga Janairu 1973 ba, wadda ta kawo ƙarshen faɗan sojanta bayan mutuwar fiye da 58,000 daga cikinsu. Gallup ya sake fito da ita a yaƙin Iraƙi, kusan sunan ƙasa kawai ya sauya: 23 suka ce kuskure a Maris na 2003, 54 a tsakiyar 2004, 63 a Afrilun 2008, watau sama da inda Biyetnam ta taɓa kaiwa lokacin da ake yaƙin. Amma a wannan karon tsohuwar cutar Literary Digest ta fara dawowa. An bar bin gida-gida an koma tarho, mutane kuma suka daina ɗauka. Cibiyar Pew ta ba da labarin cewa cikin gidaje ɗari da ta nema a 1997 ta sami amsa daga 36. A 2018 daga 6 kaɗai ta samu.